Kyamara a Bakin Layin Dogo

Zancenmu na yau a kan wata sha'awa ce da za ta zo wa da yawanmu banbaraƙwai. Mutum ne zai bar gidansa da sassafe, ya je can gefen layin dogo ya tsaya, ya yi ta jira, wani lokaci awa biyu ko uku, har jirgin ƙasa ya zo wucewa. Sai ya ɗauke shi hoto, ya rubuta lambar da ke jikin kan jirgin a ɗan littafinsa, ya kama hanyar gida. Ba wanda ya aike shi, ba wanda zai biya shi, kuma ba shi da kowa a cikin jirgin. A Ingila da Amurka da Jamus da Japan da Indiya masu wannan ɗabi'a suna da yawan gaske, har da mujallunsu da ƙungiyoyinsu. An ce gani ya kori ji, ga shi mu a rediyo jin kaɗai gare mu, saboda haka sai ku ara mini idon zuci. Abin da nake son kafa wa hujja shi ne, wannan mutum da ake yi wa kallon marar aikin yi, shi ne yake ajiye wa al'umma shaidar ranakun aikin jirgin ƙasa na yau da kullum, shaidar da hukuma ba ta saba ajiyewa ba, kuma mu nan muna cikin lokacin da muka fi bukatar irinsa.

Mu fara da irin hoton da hukuma take ɗauka. Ran 10 ga Mayu, 1869, a wani tudu da ake kira Promontory a yankin Utah, aka haɗa layin da ya taso daga gabashin Amurka da wanda ya taso daga yamma. Kamfanin Union Pacific yana da mai hotonsa, Andrew Russell, shi ya ɗauki hoton da har gobe ake bugawa a littattafan makaranta: kawunan jirgi biyu sun yi gaba da gaba, manyan injiniyoyi biyu suna musabaha, jama'a sun ɗare kan injina ana miƙa kwalabe. Hoto ne mai kyau, kuma babu ƙarya a cikinsa. Amma mafi yawan leburorin da suka fasa duwatsun Sierra Nevada suka shimfiɗo layin daga yamma 'yan ƙasar Sin ne, sun haura 10,000, kuma duk yadda ka ƙura wa wannan hoto ido da wuya ka tsinci fuskar ɗayansu. Ba sai an tuhumi Russell da mugun nufi ba. Biki aka sa shi ya ɗauka, biki kuwa ya ɗauka. Haka hoton hukuma yake a ko'ina: ranar aza harsashi, ranar yanke ƙyalle, ranar da shugaba ya shiga tarago ya ɗaga wa jama'a hannu. Sai kuma ranar hatsari, wadda 'yan jarida suke rugowa. Tsakanin biki da hatsari akwai dubban ranakun da jirgi ya zo, ya sauke, ya ɗauka, ya tafi lafiya, kuma a cikinsu ne duk amfanin jirgin yake. Su ne kuwa ba wanda aka ɗora wa alhakin ɗauka.

Wanda ya fi kowa nuna abin da ke cikin irin waɗannan ranaku wani Ba'amurke ne, O. Winston Link, haifaffen Brooklyn a 1914. Sana'arsa ɗaukar wa kamfanoni hoton talla. A watan Janairun 1955 aiki ya kai shi jihar Virginia, da dare ya leƙa tashar garin Waynesboro, inda jiragen kamfanin Norfolk and Western suke wucewa. A lokacin sauran manyan kamfanonin jirgin ƙasa na Amurka sun yi nisa wajen komawa injin dizal. Wannan kamfani ne ya dage a kan injin tururi, don kuwa kwal yake dako daga mahaƙun West Virginia, makamashi yana bakin ƙofarsa, kuma da kansa yake ƙera kawunan jiragensa a garin Roanoke. Link ya rubuta wa shugabannin kamfanin ya nemi izini, suka buɗe masa ƙofa, amma ba kwangila suka ba shi ba. Daga aljihunsa ya yi ta zirga-zirga tsakanin New York da Virginia har shekara 5, ya tara hotuna wajen 2,400, kafin a kashe wutar injin tururi na ƙarshe a layin a watan Mayun 1960. Wani zai ce ai wannan ƙwararre ne, bai kamata a sa shi a sahun 'yan sha'awa ba. Hannunsa na ƙwararru ne, gaskiya. Amma aikin da ba wanda ya sa ka, ba wanda ya yi alkawarin saye, kai ne ma kake zuba kuɗinka a ciki, me za a kira shi in ba sha'awa ba?

Yawancin hotunansa da suka yi suna da dare ya ɗauke su, domin da rana ba shi da iko da inda haske zai sauka, da dare kuwa shi yake raba haske yadda ya ga dama. Yakan kwashe sa'o'i masu yawa yana jan waya yana jera ƙwayayen fitilar walƙiya, irin waɗanda sau ɗaya suke kamawa su ƙone, duk don ƙiftawar ido guda da jirgi zai gifta. A hotonsa mafi shahara, wanda ya ɗauka a 1956 a garin Iaeger, ƙwai 43 ya tayar a lokaci ɗaya. Filin sinima ne na waje inda ake kallo daga cikin mota, saurayi da budurwa suna zaune a buɗaɗɗiyar mota, can gefe jirgin kaya yana wucewa yana tuttuɗa hayaƙi. Abin lura, a hotunan Link jirgi ba ya zama shi kaɗai. Ga yara suna wanka a rafi jirgi yana bi ta kan gada, ga tsofaffi a kantin ƙauye, ga iyali a falo kan jirgi ya cika musu taga, ga mai zuba kwal da mai shafa wa injin mai. Ya kuma naɗi sauti: jiniya daga nesa, hucin injin yana hawan tudu, ƙararrawar coci a ƙaramin gari, kuma mu ma'aikatan rediyo wannan ɓangaren ya fi taɓa mu. Shekara sama da 20 ba a damu da aikin ba. Sai a shekarun 1980 gidajen nune-nune suka farga, kuma a 2004, shekara 3 bayan rasuwarsa, aka buɗe gidan tarihi da sunansa a tsohuwar tashar fasinja ta Roanoke. Yau mai son ganin yadda rayuwa take a ƙauyukan wancan yanki kafin ta sauya, wurin mai hoton jirgi yake zuwa.

A Birtaniya abin na taron jama'a ne. A 1942 wani matashi ɗan shekara 20, Ian Allan, akawu a ofishin kamfanin Southern Railway a tashar Waterloo ta Landan, ya ga wasiƙun masu tambayar lambobin kawunan jirgi sun yi masa yawa, sai ya tattara lambobin ya buga a ɗan littafin da ake sayarwa sule guda. Nan da nan ya ƙare a kasuwa. Daga nan yara da manya suka riƙa cika bakin tashoshi da littafi da fensir, masu hali kuma da kyamara. An yi musu dariya, har yau ma ana yi. To amma a 1963 aka fitar da rahoton Dakta Richard Beeching, wanda ya ba da shawarar rufe tashoshi 2,363 da layi kimanin mil 5,000, aka kuwa rufe mafi yawansu. A watan Agustan 1968 hukumar jiragen ƙasar ta yi sallama da injin tururi. Ƙananan tashoshi da dama an rushe su, an ɓamɓare ƙarfen, gonaki da gidaje sun hau wurin, kuma ɗimbin abin da aka sani game da kamanninsu daga akwatunan waɗannan da ake yi wa dariya ya fito. Ɗaya daga cikinsu, Eric Treacy, malamin coci ne da ya kai matsayin bishop na Wakefield. A unguwar Edge Hill ta Liverpool ya fara, inda da yawa daga mabiyansa ma'aikatan reluwe ne. Hotunansa kimanin 12,000 suna gidan tarihin jiragen ƙasa na York, shi kuwa a 1978 ajali ya same shi a tashar Appleby yana jiran wani injin tururi.

Yanzu mu dawo gida, domin zancen ya shafe mu kai tsaye. Layin dogo ya iso Kano a 1911, ya kai Ƙauran Namoda a 1929, Nguru a 1930, Maiduguri a 1964. Garuruwa irin su Kaduna da Kafanchan da Minna jirgi ne ya raine su. Amma akwai layin da in ka ambace shi yau a gaban matasa sai su yi zaton ƙirƙira kake yi, wato ƙaramin layin da ya tashi daga Zariya ya bi ta Rahama ya hau tudun Jos har Bukur, wanda aka kammala a 1914 don kwaso kuza. Faɗinsa ƙafa 2 da rabi ne kacal, tsawonsa sama da kilomita 200. Da aka kai layi Jos daga Kafanchan a 1927 sai kasuwarsa ta fara ja da baya, a 1957 aka rufe shi. Shekara 40 da ɗoriya yana ratsa ƙauyuka da mutane da kaya. Gida nawa ne a waɗannan ƙauyuka yake da hoton tasharsu? Hotunan reluwe na wancan zamani yawanci Turawan mulki da na kamfanoni ne suka ɗauka, kuma abin da ya dame su suka ɗauka. A gwada wannan da dalar gyaɗa ta Kano. Dalar ma ɗiyar reluwe ce: a wancan zamani gyaɗa takan shigo gaba ɗaya bayan kaka, jirgi ba ya iya kwashe ta zuwa Legas a lokaci guda, sai a jera buhuna kusa da layi suna jiran tarago. Ta ɓace shekaru da dama, amma yaron da aka haifa jiya ya san siffarta, don an ɗauke ta hoto an yi ta bugawa.

Irin sauyin da ya sa Link gaggawa shi ne yake faruwa a gabanmu. Tsohon layinmu faɗinsa milimita 1,067 ne. Sabon da aka buɗe a watan Yulin 2016 tsakanin Idu a Abuja da Rigasa a Kaduna, mai tsawon kilomita 186, faɗinsa milimita 1,435 ne. Haka na Legas zuwa Ibadan da aka buɗe a 2021, haka kuma wanda aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ɗin daga Kano ta Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya zuwa Maraɗi. Jirgin wannan ba ya hawa layin wancan. Sabon layi yana zuwa da sabbin tashoshi, sau da yawa a bayan gari, da sabbin taragu da sabuwar sigina, tsohon kuma a bar shi da ciyawa da 'yan jari-bola. Ba wanda zai yi shela cewa yau ce rana ta ƙarshe da za a ga tankin da injin tururi yake shan ruwa a tasha kaza, ko allon sunan gari, ko sandar sigina mai hannu, ko jerin gidajen kwatas ɗin reluwe. Wayar gari kawai za a yi babu su. Su ma sabbin layukan yanzu ne lokacin ɗaukarsu: yadda ake haƙa, ake zuba tsakuwa, ake kafa ƙafafun gada, da fuskokin leburorin da ke wannan aiki a rana. In ba a ɗauka ba, hoton manya suna musabaha ne kaɗai jikoki za su tarar.

Na san abin da wani mai sauraro yake faɗa a ransa. Mutanen da ke neman na cefane, ina su ina tsayawa kallon jirgi? Ai wannan sha'awar ƙoshi ce. Da gaskiya a ciki. A zamanin Treacy kyamara da fim da wankin hoto kuɗi ne masu kauri. Yau kuwa wayar da ke aljihun ɗan acaɓa tana ɗaukar hoton da ya isa shaida, kuma ba a yankar tikiti kafin a hango jirgi. Batun ɓata lokaci kuma, ai kowa yana da abin da yake kashe yammacinsa a kai, wani ƙwallon Turai, wani dara, wani kiwon tattabaru, ba mu kuma ce su daina ba. Ita wannan tana barin wani abu a bayanta, tana kuma karantar da mai ita ba tare da ya shirya ba. Mai son hoton jirgi dole ya san jadawali, ya san ta inda rana take bugowa safe da yamma, ya gane cewa hazon hunturu yana cinye nesa amma yana tausasa haske, ya san abu mai gudu yana son kyamara ta ƙifta da sauri, kashi 1 cikin 500 na daƙiƙa ko fiye da haka, in ba haka ba goshin jirgin ya fito dishi-dishi. Daga nan zai fara tambayar me ya sa layi ya yi kwana a nan, me ya sa aka yi gada a can, me ke cikin waɗancan taragu, ina kuma za su. Yaron da ya fara irin wannan tambaya ya riga ya sa ƙafa a ajin labarin ƙasa da na injiniya. Wanda kuma yake ƙyamar hoton mai rai saboda fahimtarsa ta addini, kan jirgi da gada da ginin tasha sun ishe shi aiki.

Ƙorafi na biyu ya fi nauyi, kuma ba zan rage masa komai ba: ana mutuwa a wajen ɗaukar hoton jirgi. Dalilin yana cikin ƙirar jirgin kansa. Ƙafar ƙarfe ce a kan layin ƙarfe, kuma inda suke taɓa juna bai fi faɗin kwabo ba. Wannan ƙarancin gogayya shi ya sa kai ɗaya yake jan taragu masu ɗimbin nauyi da mai kaɗan, shi ne kuma ya sa birki ba ya kamawa nan take. Jirgin kaya mai nauyi da ke gudun kilomita 90 a awa yana iya cin fiye da kilomita ɗaya da rabi kafin ya tsaya. Direba ya hango ka, ya danna jiniya, ya ja birki, saura kuma sai kallo, domin ba shi da sitiyarin kaucewa. Jikin jirgi ya fi layin faɗi, yana leƙowa kusan mita guda ta kowane gefe, don haka wanda ya ce ai ba a kan ƙarfen yake ba yana iya kasancewa a hanyar tarago. Ita ma kyamara tana yaudara. Wanda ya zuba ido a gilashin waya yana jawo hoto kusa ba ya iya kimanta nisa da gudu, hankalinsa kuma yana kan jirgin da yake jira, bai ji na bayansa da ke tahowa a layi na biyu ba. A watan Fabrairun 2014, a jihar Georgia ta Amurka, masu shirya wani fim suka hau gadar jirgi a kan kogin Altamaha ba da izinin kamfanin layin ba. Jirgin kaya ya iso, wata ma'aikaciyar kyamara 'yar shekara 27 ta rasu, daraktan kuma ya tafi kurkuku. Ƙwararru ke nan. A Fabrairun 2016 kuma, ranar da sanannen injin nan Flying Scotsman ya dawo hanya bayan doguwar gyara, 'yan kallo da kyamarori suka tsallake shinge suka hau layi, har sai da aka tsayar da jirage a babbar hanyar Landan zuwa York.

Amma a duba inda waɗannan abubuwa suka faru: a kan layi, inda hoton jirgi mai kyau ma ba ya samuwa. Hoton da masu abin suka fi so shi ne wanda aka ɗauka daga nesa, a karkace, goshin jirgi da jerin taragunsa duka suna ciki, daga kan tudu ko gadar mota ko bayan shinge. Matashin da ya tsaya tsakiyar layi ya juya wa jirgi baya don ya ɗauki fuskarsa, kansa yake ɗauka, jirgin ado ne kawai. Tun a shekarun 1940, da aka fara kama yara suna shiga layi, Ian Allan ya kafa ƙungiyar da ba a shigarta sai an yi alkawarin ba za a ƙetare iyakar reluwe ba, kuma mambobinta sun haura 100,000. A ganina sha'awar da aka tsara ta fi kare rai a kan hani, domin wanda aka hana zai saci jiki ya je shi kaɗai, ba mai gaya masa inda ake tsayawa.

Sai batun tsaro, wanda a wajenmu ba zancen wasa ba ne. Ran 28 ga Maris, 2022, 'yan bindiga suka tayar da bam a layin Abuja zuwa Kaduna, suka kashe mutane suka sace wasu, jirgin bai koma aiki ba sai a watan Disamba. Bayan wannan, jami'in tsaron da ya ga baƙo da kyamara a gefen layi yana da cikakkiyar hujjar zarginsa, kuma akwai wuraren da mai hankali ba zai je ba ko da an ce ya je. Abin da ya raba ɗan sha'awa da ɗan leƙen asiri shi ne yin abu a sarari. Link wasiƙa ya rubuta ya nemi izini. A Birtaniya masu kula da tashoshi suna maraba da masu hoto, da sharaɗin su sanar da ma'aikata in sun iso, kada su kunna walƙiya don tana kashe wa direba ido, kada kuma su ɗauki na'urorin tsaro. A Amurka kamfanin BNSF ya fito da wani shiri a 2006 na yi wa masu sha'awar jirgi rajista don su riƙa kai rahoton abin da suka gani ba daidai ba, domin ya gane cewa wanda ya saba kallon layi shi zai fara lura in an kwance wani ƙarfe. A ƙasar da satar ƙarfen dogo ta zama ruwan dare, wannan dabara ba abin rainawa ba ce. Saboda haka a fara da ofishin shugaban tasha, a nuna katin shaida, a faɗi abin da ya kawo mutum. In an ce a'a, a tafi ba gardama. Kada a ɗauki shingen jami'ai ko masu rakiyar jirgi, kada kuma a yaɗa hoton jirgin fasinja da wurin da yake alhali bai isa masauki ba.

Wani kuma zai ce yanzu kowa da waya, hotunan jirgi sun cika Facebook da TikTok, me ya rage wa ɗan sha'awa? Hoton da ba a san ranarsa da wurinsa ba, nan da shekara 30 ba mai iya cewa Zariya ce ko Minna, kuma yawancinsu suna tafiya ne tare da wayar ran da ta faɗa ruwa ko aka sace ta. Ko hoton Link na Iaeger, jirgin saman da ake gani a allon sinimar daga baya ya haɗa shi a ɗakin wanki, don hasken fitilunsa ya shafe abin da ke allon. Yau da manhaja take iya ƙirƙiro jirgin da bai taɓa taka layi ba, darajar hoto ta koma kan bayanin da ke tare da shi. Nan ne ɗan littafin nan yake aiki: rana, lokaci, wuri, lambar kan jirgi, daga ina zuwa ina. A ajiye asalin hoton ba gyara, a wuri biyu, mafi kyawunsu kuma a wanke su a takarda a rubuta bayanin a baya. In mutane za su fito a ciki a nemi yardarsu, musamman mata da yara. Sannan a kai hotunan wajen tsofaffin ma'aikatan reluwe 'yan fansho da ke Zariya da Kafanchan da Kano, su faɗi sunan kowane gini da aikin kowane ƙarfe, a rubuta abin da suka faɗa tun suna nan. Akwai wuraren da adana irin wannan shi ne aikinsu, kamar Arewa House da ma'adanar takardun tarihi ta ƙasa a Kaduna, da gidan Jaekel a harabar reluwe ta Ebute Metta a Legas.